Gwaje-gwajen kimiyya 5 da iyali za su yi da yara a gida, da kayan tsakar gida da wayar hannu

A gidaje da yawa na Ungogo, daga Fanisau zuwa Rangaza, Gayawa, Karo da Yadakunya, wayar zamani ɗaya ce ko biyu a gidan, kuma galibi tana hannun yaya ko anti. Ƙannen kan taru ne a kanta domin kallon bidiyo ko buga gem. Ita wannan wayar kuwa tana ɗauke da kyamara, agogon ƙirga daƙiƙa, kalkuleta da ƙananan na'urori masu auna haske, sauti da motsi. Idan aka haɗa ta da tukunya, zoɓo, wake da sanda, an samu ƙaramin ɗakin gwaji a tsakar gida.

Batun ya wuce wasa. Tun shekarar 1977 Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandaren kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, kuma har yau da jarrabawa ake shiga irinsu. A WAEC da NECO ma akwai takardar gwaji ta Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Yaron da ya saba aunawa, ƙirgawa da rubuta abin da ya gani tun yana firamare ba ya firgita ranar da aka ajiye masa kayan gwaji a gabansa. Sannan kowane gwaji a cikin wannan darasi yana amsa wata tambaya da ta shafi abincin gidan ko gonar gidan.

Shiri kafin a fara

Ana buƙatar littafin rubutu guda ɗaya da za a ware wa gwaje-gwajen, da rula, da fensir. A kowane gwaji yaro zai rubuta abu huɗu: tambayar da ake nema, abin da yake tsammanin zai faru, abin da aka yi, da abin da aka gani. Tsammanin ya zo kafin gwajin, domin daga bambancin da ke tsakanin hasashe da sakamako ake koyon darasi.

Ƙa'ida ta biyu ita ce a canja abu ɗaya tak a lokaci guda. Idan ana kwatanta tumatir biyu, su zama iri ɗaya, nuna ɗaya, an tsinke su rana ɗaya, wurin ajiya kawai ya bambanta.

Daga ɓangaren waya, manhajar phyphox ta fi dacewa. Jami'ar RWTH Aachen ta ƙasar Jamus ce ta fitar da ita a 2016, kyauta ce a Play Store da App Store, kuma tana aiki ba tare da data ba bayan an sauke ta. Tana nuna irin na'urorin awon da ke cikin waya, abin da wayar ba ta da shi kuma sai ya fito a dushe. Ƙananan wayoyi da yawa ba su da na'urar gane maganaɗisu, wadda kamfas ke dogara da ita, amma wannan ba zai hana komai ba, kyamara da agogo sun isa yawancin aikin.

1. Randa cikin randa: firijin da ba ya neman wuta

Abubuwan buƙata: tukwanen ƙasa biyu marasa fenti, babba da ƙarama, yashi mai tsabta, ruwa, tsumma ko buhun algarara, da tumatir 10 masu kama da juna.

Yadda ake yi: A zuba yashi a gindin babbar tukunya, a zaunar da ƙaramar a ciki yadda bakinsu zai zo daidai. A cika tazarar da ke tsakaninsu da yashi, a zuba ruwa har yashin ya jiƙe sosai. A sa tumatir 5 a cikin ƙaramar tukunya, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Sauran 5 a ajiye su a faranti kusa da tukunyar. Duka su kasance a inuwa, inda iska ke kaɗawa. A riƙa ƙara wa yashin ruwa safe da yamma.

Aikin waya: A ɗauki hoton rukunin biyu kowace safiya a wuri ɗaya, da takarda mai ɗauke da kwanan wata a gefe. Bayan mako biyu a jera hotunan, yaro ya ƙirga kwana nawa kowane rukuni ya yi kafin tumatir na farko ya yi laushi. A lura cewa manhajojin da ke cewa suna auna zafin ɗaki yawanci zafin batir suke karantawa ko kuma rahoton yanayi daga intanet. Wanda ke son adadi na gaskiya sai ya nemi ƙaramin ma'aunin zafi na ɗaki. Na asibiti ba zai yi ba, domin an yi shi ne don zafin jikin mutum kaɗai.

Abin da ke faruwa: Ruwan yashin yana ratsa ƙananan ƙofofin jikin tukunyar waje, ya fito, ya bi iska. Kafin ruwa ya zama tururi sai ya zuƙi zafi daga abin da yake taɓawa. Zafin da ruwa lita ɗaya ke ɗauka wajen ƙafewa ya ninka fiye da sau biyar zafin da ake buƙata a ɗaga shi daga sanyin ƙanƙara zuwa tafasa. Shi ya sa ruwan randa ya fi na bokitin roba sanyi, kuma shi ya sa gumi ke sanyaya jiki.

Wannan dabara tana da tarihi a nan kusa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, wanda ya fito daga gidan magina tukwane, shi ya yaɗa ta a ƙauyuka cikin shekarun 1990. A 2000 ya samu lambar yabo ta Rolex a kanta. A gwajin da aka ruwaito daga aikinsa, yalo ya kai kwana 27 maimakon 3, alayyahu kuma kwana 12 maimakon kwana ɗaya. Ɗaya daga cikin dalilansa shi ne a rage gaggawar da ke sa a tura 'yan mata talla kullum don kada kaya su lalace, su samu zuwa makaranta.

Tambayar ƙarin nazari: a maimaita gwajin a watan Maris, sannan a watan Agusta. Da rani iska a bushe take, tana karɓar tururi da sauri, tukunyar na yin sanyi sosai. Da tsakiyar damina iska ta riga ta cika da laima, sai aikin ya ragu. Yaron da ya gano wannan da kansa ya fahimci ma'anar laimar iska da ake gani a manhajar yanayi.

2. Zoɓo mai tona asirin tsami da kanwa

Abubuwan buƙata: busasshen zoɓo tafi ɗaya, ruwan zafi, kofunan roba masu haske guda 6, lemon tsami, ruwan tsamiya, ruwa zalla, jiƙaƙƙiyar kanwa, ruwan toka da aka tace, da ruwan omo.

Yadda ake yi: Babba ya jiƙa zoɓon a ruwan zafi na minti 15, ba sukari, ba kayan ƙamshi. A tace, a sirka da ruwa har ya yi hasken da za a iya hango yatsa ta bayan kofi. A raba shi daidai a kofuna shida. A kowane kofi a ɗiga abu ɗaya, a juya, a rubuta sunansa a takarda a gaban kofin.

Abin da za a gani: kofin lemon tsami da na tsamiya za su ƙara yin ja mai haske. Na ruwa zalla zai tsaya yadda yake. Na kanwa, toka da omo za su yi duhu, su koma shuɗi-shuɗi zuwa kore-kore gwargwadon ƙarfin abin da aka zuba. Daga nan a matse lemon tsami a kofin kanwar. Zai yi 'yar kumfa, jan kuma ya dawo.

Abin da ke faruwa: Jan zoɓo ya samo asali ne daga wani sinadari mai suna antosayanin, wanda ke canja launi dangane da inda ya samu kansa. Masana suna raba abubuwa zuwa dangin tsami, wato asid, da kishiyarsu, dangin kanwa. Ana auna su da sikelin pH daga 0 zuwa 14, wanda masanin ƙasar Denmak Søren Sørensen ya ƙirƙiro a 1909. Ruwa zalla yana kan 7, ruwan lemon tsami wajen 2, dangin kanwa kuma sama da 7. Kumfar da ta taso iskar kabon dayoksaid ce, wadda ke fita idan tsami ya haɗu da kanwa. Uwar gida ta san wannan a aikace: ɗan kanwa na kashe tsamin tumatir a miya, yana kuma sa wake saurin nuna.

Aikin waya: a jera kofunan daga mafi ja zuwa mafi kore a kan farar takarda, a ɗauki hoto da hasken rana ba tare da filasha ba. Wannan hoton ya zama ma'auni. Duk sabon abin da yara suka gwada, kamar nono, ruwan rijiya ko ruwan sabulun salo, sai a kwatanta launinsa da hoton. Ba a shan komai daga kofunan nan.

3. Wake a kwalba: yadda ake kashe ƙwari ba tare da guba ba

Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, kuma kasuwar Dawanau da ke maƙwabciyar ƙaramar hukuma, Dawakin Tofa, na cikin manyan wuraren cinikinsa. Babbar matsalar mai ajiye wake ita ce ƙwaro. Macen ƙwaron na saka ƙwai a bayan ƙwayar wake, tsutsar ta huda ta shiga ciki ta ci, cikin mako uku zuwa huɗu a lokacin zafi sabon ƙwaro ya fito ya bar rami. Wasu kan yi maganinsa da fiya-fiya, wanda guba ne ga mai ci. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan irin wannan guba da aka samu a jikinsa.

Abubuwan buƙata: gorunan ruwa na roba uku masu girma ɗaya, busassu ƙayau, da busasshen wake wanda ƙwari suka fara taɓawa.

Yadda ake yi: A gauraya waken sosai. A ɗebi ƙwaya 100, yara su ƙirga nawa ne ke da rami, a rubuta. Gora ta farko a cika ta har baki, a jijjiga, a ƙara, a ɗaure murfi tamau, a naɗe shi da salatif. Ta biyu a zuba rabi, ita ma a rufe tamau. Ta uku a cika ta, amma a rufe bakinta da yanki mai shara-shara a ɗaure da roba, iska na shiga, ƙwaro ba ya fita. A ajiye su a ɗaki ɗaya na mako shida ba tare da an buɗe ba. A sa ƙararrawar tuni a waya domin ɗaukar hoto duk Juma'a. A ƙarshe a sake ƙirga ramuka a ƙwaya 100 daga kowace gora.

Abin da ke faruwa: ƙwaro yana numfashi. A gorar da aka cika aka toshe, ƙwarin da tsutsotsinsu suna shaƙe ɗan oksijin ɗin da ke ciki, daga nan su daina ci, su mutu. Gora ta biyu tana da iska mai yawa, don haka ɓarna kan ci gaba na wani lokaci kafin ta tsaya. A ta uku kuwa ƙwarin hayayyafa suke yi. Wannan shi ne sirrin buhun PICS, wanda masu bincike na Jami'ar Purdue ta Amurka da abokan aikinsu na Afirka suka samar, aka fara yaɗa shi a yammacin Afirka a 2007. Leda biyu masu kauri ne a cikin buhu ɗaya, kowace ana ɗaure ta daban. Yaron da ya yi gwajin gora zai gane dalilin da ya sa huda ɗaya a jikin ledar ke ɓata aikin gaba ɗaya.

4. Gwajin iri da awon ruwan sama

Waɗannan biyun tare suke tafiya, kuma lokacinsu shi ne watan Mayu, kafin shuka.

Gwajin iri: a ɗebi ƙwaya 100 daga irin gero, dawa, wake ko gyaɗar da za a shuka, ba tare da zaɓe ba. A jera su layi 10, kowane layi ƙwaya 10, a kan jiƙaƙƙen tsumma. A rufe da wani tsumman, a naɗe, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana 7 zuwa 10 a ƙirga waɗanda suka fitar da saiwa da tsiro. Adadin da aka samu shi ne kaso cikin ɗari kai tsaye. Idan 85 ko fiye suka tsiro, iri ya yi kyau. Idan wajen rabi ne, maigida ya samu labari tun da sauran lokacin neman wani iri. Masu kyamarar da ke da tsarin Time-lapse za su iya jingine wayar a gaban ƙwayar wake da ta fara tsagewa, su ga motsin saiwa cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Awon ruwa: a samu gwangwani miƙaƙƙe wanda faɗin bakinsa da na gindinsa ɗaya ne, a cire murfin gaba ɗaya. A ɗaure shi a tsaye a kan turke a fili, nesa da bishiya, katanga da indararo. Kowace safiya a lokaci ɗaya a tsoma rula a karanta zurfin ruwan da milimita, a rubuta, a zubar. Milimita 1 na nufin lita 1 a kan kowane murabba'in mita, wato lita 10,000 a hekta guda. Masana aikin gona na yankin Sahel suna da ma'aunin da suke gane faɗuwar damina da shi: ruwa ya kai milimita 20 cikin kwana uku a jere, kuma kada a samu fari na fiye da mako ɗaya a cikin wata guda da ke biye. Hukumar NiMet na fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara. Yara za su iya kwatanta shi da abin da gwangwaninsu ya nuna, su kuma yi musayar adadi ta WhatsApp da 'yan uwa a Bachirawa ko Minjibir, su ga yadda hadari ɗaya ke zubar da ruwa daban-daban a garuruwan da ke kusa da juna.

5. Sanda da inuwa: zawali, alƙibla da tsawon bishiya

A kafa miƙaƙƙiyar sanda mai tsawon mita 1 a shimfiɗaɗɗen fili. A tabbatar a tsaye take ta hanyar rataya dutse da zare a gefenta. Daga ƙarfe 11 na safe zuwa 2 na rana, duk minti 10 a sa tsakuwa a ƙarshen inuwar, a auna tsawonta. Lokacin da inuwa ta fi gajarta shi ne tsakar rana ta gaskiya, daga nan rana ke yin zawali. A Ungogo wannan ba ya zuwa da ƙarfe 12 daidai. Yana yawo ne tsakanin kusan 12:10 a farkon Nuwamba da 12:40 a watan Fabrairu. Babban dalili shi ne agogon Nijeriya an saita shi ne da layin digiri 15 gabas, alhali Kano na wajen digiri 8.5. Layin gajeriyar inuwar kuma shi ne layin kudu da arewa.

Da yake Ungogo na wajen digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, sau biyu a shekara rana na bi ta tsakar kai sosai, wajen 21 zuwa 22 ga Afrilu da kuma 21 zuwa 22 ga Agusta. A waɗannan ranakun, gab da ƙarfe 12:30, sandar kan rasa inuwa kusan gaba ɗaya. Tsakanin ranakun biyu inuwar tsakar rana kudu take faɗuwa, sauran shekara kuma arewa.

Haka rana ke tsayawa a saman Ka'aba sau biyu a shekara: 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 10:18 na safe agogon Nijeriya, da 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 10:27. A wannan mintin, duk wanda ya tsaya a ƙarshen inuwar sanda ya fuskanci sandar, ya fuskanci alƙibla. A ja layi a ƙasa, sannan a kwatanta da manhajar alƙibla ta waya. Daga Kano alƙibla na wajen digiri 68 daga arewa, wato gabas da ta karkata arewa. Idan waya ta saɓa wa inuwa, inuwar ce da gaskiya, domin ƙarfen rodi, kwanon rufi ko lasifika na rikita kamfas ɗin waya.

Da wannan sandar ake auna bishiya ba tare da an hau ba. Idan inuwar sanda mai mita 1 ta kai santimita 80, inuwar kuka kuma mita 12 a lokaci guda, sai a raba 12 da 0.8, tsawon kukar mita 15 ke nan. Da irin wannan lissafin inuwa Eratosthenes ya ƙiyasta kewayen duniya a birnin Iskandariyya ta Masar fiye da shekara 2,200 da suka wuce.

Ƙananan gwaje-gwaje na minti 10

Lilo: a ɗaure dutse da zare mai tsawon mita 1, a sake shi ya yi lilo kaɗan, a ƙirga zuwa da dawowa 10 da agogon waya. Za a samu kusan daƙiƙa 20. A canja dutsen da mai nauyi, lokacin ba zai canja ba. A rage zaren zuwa santimita 25, lokacin zai koma rabi.

Lantarkin hunturu: a goga rular roba ko biro a gashi, a kusantar da shi ga gutsattsarin takarda. Da hunturu takardun tsalle suke yi su manne, da damina da ƙyar suke motsi, saboda laima na kwashe cajin.

Ɗigon ruwa mai ƙara girma: a ɗiga ruwa ɗigo ɗaya a kan leda mai haske, a ɗora a kan rubutu ko fiffiken ƙwaro, a ɗauki hoto ta samansa. Kada a ɗiga ruwan a kan kyamarar kanta.

Kiyaye lafiya

Duk abin da ya shafi wuta, ruwan zafi ko wuƙa aikin babba ne. Ba a kallon rana kai tsaye, ko da ta kyamara ce, inuwa kawai ake bi. Ba a gauraya haifo da lemon tsami ko wani mai tsami, domin yana fitar da iskar kulorin mai cutar da huhu. Ba a fasa batirin waya ko na fawa bank, yana iya kamawa da wuta. Ruwan kanwa da na toka idan ya shiga ido a wanke da ruwa mai yawa nan take. Maganin ƙwari kuwa ba ya shiga kowane gwaji na yara.

Yadda za a ɗore

Gwaji ɗaya a mako ya isa, misali ranar Asabar da hantsi ko Alhamis da yamma lokacin da babu Islamiyya. A raba aiki: ɗaya ya auna, ɗaya ya rubuta, ɗaya ya riƙe waya, mako mai zuwa a yi musaya, mata da maza duka. Idan sakamako ya saɓa wa abin da aka zata, a rubuta shi yadda ya zo, a nemi dalili, a sake. A kuma bi kalandar gida: gwajin wake bayan kaka, lantarki da hunturu, randa da bazara, iri da alƙibla a watan Mayu, awon ruwa daga Yuni zuwa Satumba. Hotunan a tara su a folda guda da sunan kowane gwaji, littafin kuma yaro ya kai wa malaminsa na kimiyya a farkon zango ya duba.